Yadda ake warware wasan cika-da-mara wajen tantance manhaja

Mai son tabbatar da cewa manhaja ko na'ura ba za ta saɓa wa ƙa'idar da aka gindaya mata ba, sau da yawa yakan mayar da tambayar wasa tsakanin 'yan wasa biyu, Cika da Mara. Tun 1991 Emerson da Jutla suka nuna alaƙar wannan wasa da tantance ƙa'idojin lissafin mu-kalkulas, wato wani yaren lissafi da ake rubuta halayen da ake so manhaja ta bi da shi.

Da farko a zana wasan. Kowane gurbi yana da mai shi da kuma lamba, kibiyoyi suna nuna inda za a iya zuwa daga cikinsa, mai gurbin ne kuma yake zaɓar kibiya. Tafiyar ba ta ƙarewa, don haka ana duba lambar da ta fi girma cikin waɗanda ke ta maimaituwa har abada: idan cika ce, Cika ya ci, idan mara ce, nasara ta Mara ce.

Hanyar da na fi ba da shawarar a fara da ita ita ce ta Zielonka, ta 1998. A ɗauki lamba mafi girma, a ga wanda take goya wa baya, sannan a tattara duk gurbin da zai iya tilasta tafiya daga cikinsa zuwa wannan lamba. A cire su, a warware ragowar da wannan hanyar. Idan abokin hamayya bai ci komai a ragowar ba, wasan duka na wanda lambar take goya wa baya ne. Idan kuwa ya ci wani yanki, a ba shi yankin tare da duk gurbin da zai iya jawowa cikinsa, a cire, a sake farawa.

Ga misali. Gurbin A na Cika ne, lambarsa 4, kibiyarsa ɗaya zuwa B. Gurbin B na Mara ne, lambarsa 1, yana zuwa A ko C, shi kuwa C lambarsa 3, yana komawa kansa. Lamba 4 tana goyon Cika, amma ba zai iya jawo B ba, domin Mara yana da mafita. Da an cire A, Mara ya ci B da C, kuma tunda A ba shi da wata hanya sai B, shi ma ya faɗa hannunsa.

Wahalar tana cikin wannan sake farawa, domin akwai wasannin da aikin ke ninkuwa a kansu yayin da lambobi ke ƙaruwa. An san matsalar tana cikin NP da coNP, wato rukunonin matsalolin da ake iya tabbatar da amsarsu da sauri in an kawo hujja, ko e ce ko a'a, a 2017 kuma Calude da abokan aikinsa huɗu suka samo hanya mai lokaci kusa da folinomiyal (folinomiyal shi ne lokacin da bai wuce girman wasan a ninka shi da kansa sau ƙayyadadden adadi ba), amma har yau ba a tabbatar da ta folinomiyal ba. Duk da haka, kada a zaɓi hanya saboda kyan iyakar lokacinta a takarda. A gwada wasannin da ke hannu a manhajar Oink ko PGSolver, domin a aikace hanyar Zielonka takan riga sababbin gamawa.