Yadda ake yanka wa labari wutsiyar adireshi ba tare da an cinye ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba

Akwai wata ƙungiyar manoman albasa a nan Tawa da na gina wa shafin intanet, inda suke sa farashin buhu a Galmi da Madawa da labaran da suka shafe su. Ran nan da hantsi sai ga kiran shugabansu, dattijo ne sa'an mahaifina. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce, "Ɗana, wa kuma aka aurar?" Na ce, "Baba Alhaji, wane aure?" Ashe sakatarensu ne ya sa labari mai take "An ɗaure ɓarayin albasa", aka watsa shi a WhatsApp, adireshin ya fito da an-aure-arayin-albasa a ƙarshensa. Laifin nawa ne, ni na kwaso dabarar da kowa ke kwasa ban gwada ta da Hausa ba.

Wannan guntun da ke ƙarshen adireshi shi masu rubuta manhaja ke kira silag, ni kuwa wutsiya nake ce masa. Kalmar ta ƴan jarida ce, gajeren sunan da ake laƙaba wa labari tun yana kan teburin edita. Django, wani kayan aikin gina shafukan intanet wanda aka ƙirƙira a wani gidan jarida na jihar Kansas ta Amurka aka sake shi ga jama'a a 2005, yana cikin waɗanda suka yaɗa ta. Abin da ake so shi ne wutsiya mai ƙananan baƙaƙe da lambobi da ƙaramin layi tsakanin kalmomi, wadda mutum zai iya karantawa a waya ya gane abin da zai buɗe.

Ƙa'idar adireshi, RFC 3986 ta 2005, ta yarda a rubuta baƙaƙen Turanci 26, a zuwa z, manya da ƙanana, da lambobi, da alamomi huɗu: ƙaramin layi, ɗigo, layin ƙasa da ~. Akwai wasu alamomin da aka keɓe wa aiki na musamman, kamar / da ? da #. Harafin da ba ya cikin waɗannan sai an sauya masa kama da alamar %. Shi ya sa in ka bar ƙ a adireshi ka kwafo shi zai iya zama %C6%99, ɗ kuma %C9%97. Adireshin zai buɗe, amma ba mai iya karanta wa wani shi.

Ga aikin gaba ɗaya da Python, harshen rubuta manhaja, sai mu bi shi layi-layi:

```python
import re
import unicodedata

MUSANYA = str.maketrans({
    "ɓ": "b", "ɗ": "d", "ƙ": "k", "ƴ": "y",
    "ŋ": "n", "ɲ": "ny", "œ": "oe",
    "'": "", "’": "", "‘": "", "ʼ": "",
})

def yi_wutsiya(take, iyaka=60):
    s = take.lower().translate(MUSANYA)
    s = unicodedata.normalize("NFKD", s)
    s = "".join(h for h in s if not unicodedata.combining(h))
    s = re.sub(r"[^a-z0-9]+", "-", s).strip("-")
    if len(s) > iyaka:
        s = s[:iyaka].rsplit("-", 1)[0]
    return s
```

Da farko a mayar da komai ƙananan baƙaƙe. A wannan ɓangare na adireshi Albasa daban ne da albasa, ba ka son shafi ɗaya ya samu suna biyu. Python ya san ƙaramin Ƙ da Ɗ da Ɓ da Ƴ, saboda haka in ka fara da wannan matakin ba sai ka rubuta manyan a jerin musanya ba.

Mataki na biyu, musanya ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, shi ne wanda na tsallake har aka ɗaura wa ɓarayi aure. Dabarar da aka saba gani ita ce a warware rubutu da NFKD, wato a raba harafi da alamar da ke kansa, sannan a zubar da duk abin da ba ya cikin alamomi 128 na ASCII, tsohon jerin baƙaƙen Turanci da lambobi na kwamfuta. Da Faransanci wannan yana tafiya sumul, domin a wurin Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, é harafin e ne da aka ɗora wa alama. In aka warware sai e ya tsaya, alamar ta faɗi: Tillabéri ta koma tillaberi, Illéla ta koma illela. To amma ƙ ba k ba ne mai hula. Harafi ne mai zaman kansa, lambarsa U+0199, kamar yadda ɗ yake U+0257, ɓ yake U+0253, ƴ yake U+01B4. Ba abin da za a warware a jikinsu. Da aka zo zubarwa sai a tafi da su ɗungurungum, "sun ƙara kuɗi" ya koma sun-ara-kui. Slugify, mai yanka wutsiyar da ke zuwa cikin Django, haka yake yi in ba ka ce masa ya bar haruffan Unicode ba, kuma in ka ce ya bar su ka koma ga matsalar %C6%99. Mafita kawai ka musanya su da hannunka tun kafin a kai ga warwarewa.

Na ƙara ŋ da ɲ ne saboda a Nijar ba Hausa kaɗai ke shiga shafi ba, rubutun Zabarmanci yana amfani da su, su ma ba sa warwaruwa. Haka œ na Faransanci. Mai aiki da Tamajak ya ƙara ǝ da ɣ nasa.

Sai baƙin hamza, wato ɗan waƙafin sama da ke cikin sana'a da jama'a da ma'aikata. Shi goge shi ake yi, ba a mayar da shi layi. Sanaa ta fi sana-a kyan gani, kuma wanda ya rubuta 'yan irin na Najeriya da wanda ya rubuta ƴan irin namu duk su haɗu a yan, abin da nake so ke nan, tunda masu sayen albasar Galmi ba a tsallaken Konni ɗaya suke ba. Lura cewa iri huɗu na sa a jerin. Wayar wani miƙaƙƙe take bugawa, Word kuma ya lanƙwasa shi, wani allon rubutu ya ba da U+02BC. A ido kusan ɗaya suke, a wurin kwamfuta kowa da lambarsa. Abin da wannan ke jawowa shi ne l'oignon zai koma loignon. Ni na haƙura da hakan, Hausa ta fi yawa a shafin.

Na uku, yanzu ne lokacin NFKD, don kalmomin Faransanci da kuma rubutun masana da ke sa alamar karin sauti a kan wasula. A nan na bambanta da dabarar da aka saba: alamomin da ke kan haruffa kawai nake cirewa, ba na zubar da sauran a ɓoye. Harafin da ban sani ba zai kai mataki na gaba ya zama layi, in gan shi a tsakiyar kalma in san akwai abin da ya kamata in ƙara a jeri. Gara giɓin da ido ke gani da kalmar da ta rikiɗa ta zama wata.

Na huɗu ba wuya. Duk abin da ba a zuwa z ba, ba 0 zuwa 9 ba, ko ɗaya ne ko goma a jere, ya koma layi guda, a share na farko da na ƙarshe. Ƙaramin layi ake sa wa ba layin ƙasa ba, Google ma shi ya ba da shawara a raba kalmomi da shi. Abu ɗaya da zai ba ka haushi: a nan muna rubuta kuɗi da tazara, 15 000, sai ya fito 15-000. Na roƙi sakataren ya riƙa rubuta jika 15 a take, magana ta ƙare.

Tsawo kuma a yanke a gaɓar kalma, shi ne aikin rsplit. Ni 60 na zaɓa, amma mai amfani da SlugField, gurbin ajiye wutsiya na Django, ya tuna 50 ne iyakarsa in bai sauya ba.

Saura abin da wannan ɗan aikin ba zai iya yi shi kaɗai ba. Da ka mayar da ƙ ta zama k, ka haɗe kalmomin da Hausa ta raba: baƙi da baki, ƙafa da kafa, ƙasa da kasa. Ɗaure ma daure ya koma, ɓarayin namu yanzu haƙuri aka ce sun yi, sai dai Bahaushe ya saba karanta wannan a saƙon waya, yana ganewa daga abin da ke kewaye. Rumbun bayanai kuwa ba ya ganewa. Ko ba wannan ba, "Farashin albasa a Galmi" take ne da za a maimaita kowane mako. Kafin ka adana, duba ko akwai mai irin wannan wutsiyar, in akwai ka liƙa -2, in shi ma an ɗauka -3. Kada ka tsaya nan, ka sa wa ginshiƙin wutsiya sharaɗin UNIQUE a rumbun, wanda ke hana a adana iri ɗaya sau biyu, don mutum biyu na iya latsa adanawa a daƙiƙa ɗaya kowa ya ga wuri babu kowa. Ga labaran farashi na fi son a sa kwanan wata a adireshin, lamba 37 ba ta gaya wa kowa komai.

Wutsiya tana iya fitowa fanko. Malami ya rubuta take da ajami, ko yaro ya cika shi da hotunan dariya, ba abin da zai rage bayan mataki na huɗu. A nan sai a koma ga lambar labarin, kamar labari-214. Ka kuma hana kalmomin da shafin kansa ke amfani da su, kada labari mai take "Shiga" ya zauna a kan ƙofar shiga.

Gwaji kuwa da taken gaske ake yi. Ɗauko ashirin daga cikin waɗanda mutanenka suka rubuta, har da masu babban Ƙ a farko, da masu « » na Faransanci, da waɗanda aka kwafo daga WhatsApp, ka karanta abin da ya fito da babbar murya.

Na ƙarshe, sau ɗaya ake yanka wutsiya, ranar da aka wallafa, a adana ta. In an gyara take gobe kada ta bi shi, domin adireshin ya riga ya shiga wayoyin mutane. In dole ta sa a sauya, kamar yadda ta sa ni, ajiye tsohuwar a wani teburi ka sa ta tura mai zuwa ga sabuwar da lambar 301, wadda ke gaya wa burauza da injin bincike cewa ƙaurar ta dindindin ce. Adireshin auren nan har yau yana yawo a rukunonin ƴan albasa daga Tawa zuwa Yamai, duk wanda ya latsa shi an-daure-barayin-albasa yake sauka.