Yadda mai shigo da sinadarai a Legas zai tsara lissafinsa kafin sufetocin makamai masu guba su zo

Ranar 7 ga Yulin 2023 aka lalata makamin guba na ƙarshe cikin waɗanda ƙasashe suka bayyana suna da su, wata roka ce mai ɗauke da sarin a rumbun Blue Grass na Amurka. Abin da aka lalata gaba ɗaya ya haura tan 72,000. Tun daga lokacin, babban aikin OPCW, ƙungiyar haramta makamai masu guba ta duniya mai hedikwata a birnin Heg na ƙasar Holan shi ne hana a sake haɗa irin waɗannan makamai. Sinadaran da ake haɗa su da su kuwa, da yawansu kayan kasuwa ne da ke shigowa ta Apapa da Tin Can, a sauke su a sitocin Ojota da Ikeja, wasu a loda su a tirela zuwa Kano. Najeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar haramta makamai masu guba a 1993, ta tabbatar da ita a 1999, don haka littafin sitonka yana cikin abin da ƙasa ke amsa tambaya a kansa.

Fara da sanin abin da ke cikin duron

Sunan da kamfani ya laƙaba wa kaya ba ya gaya maka komai. Nemi takardar bayanin haɗari da ke zuwa da kayan, ka duba lambar CAS, wato lambar rajista ta duniya da kowane sinadari yake da tasa. Da ita ake gane ko sinadarin yana cikin jadawali uku na yarjejeniyar.

Jadawali na 1 shi ne na gubar yaƙi zalla, irin su sarin da VX da gas ɗin mastad. Ɗan kasuwa ba shi da hulɗa da shi. Jadawali na 2 ya ƙunshi waɗanda masana'antu ke amfani da su kaɗan, kamar tayodaigilaikol mai lamba 111-48-8, da ake sa wa tawada da rini, amma mataki ɗaya ne tsakaninsa da gas ɗin mastad. Jadawali na 3 ne ya fi shafar 'yan kasuwar Legas. A ciki akwai tirayitanolamin, wanda ake rubuta TEA a jikin duro, lamba 102-71-6. Masu man shafawa da sabulun ruwa da kamfanonin siminti duk suna sayensa. Akwai kuma metildayitanolamin, wato MDEA, lamba 105-59-9, da ake tace iskar gas da shi.

Kada ka dogara ga lambar kwastan kaɗai. TEA yana da tasa, 2922.15, amma in an gauraya shi da wani abu sai ejan ya shigar da shi ƙarƙashin lambar gaurayayyun kaya, ya ɓace daga lissafin ƙasa ba tare da kowa ya yi nufin ɓoyewa ba.

Auna sinadarin, ba duron ba

A nan aka fi yin kuskure, kuma a ganinmu shi ya fi cancantar a zauna a koya wa mai kula da sito. Abin da ake bayyanawa shi ne nauyin sinadarin kansa. A ce kwantena ta zo da duro 80, kowanne kilo 230 na TEA mai ƙarfin kashi 85 cikin 100. Nauyin ruwan kilo 18,400 ne, amma abin da za ka rubuta kilo 15,640 ne. In kai ka rubuta 18,400, ƙasar da ta sayar maka ta rubuta 15,640, sai a Heg a ga giɓin kilo 2,760 da ba a san inda ya shiga ba, a aiko wa ƙasashen biyu takardar neman bayani.

Gaurayen da sinadarin jadawali na 3 bai wuce kashi 30 cikin 100 a cikinsa ba, a ƙa'idar ƙungiyar ba a bayyana shi. Duk da haka ajiye takardar gwajin da ta nuna ƙarfin, domin ranar tambaya ita ce shaidarka.

Wasu abubuwa biyu ma suna jawo giɓi. Jirgi ya tashi daga Turai a Disamba ya iso Apapa a Janairu: su sun sa shi a lissafin bara, kai ka sa a na bana. Maganinsa shi ne ka riƙa rubuta ranar lodi da ranar isowa gefe da gefe. Na biyu, kayan an yi su a wata ƙasa, an saye su ta hannun dillali a wata, an loda su daga ta uku. Ƙasar da aka loda kayan daga cikinta ita ake rubutawa, ba inda kuɗi ya tafi ba.

Wa ake kai wa, kuma yaushe

Ɗan kasuwa ba ya rubuta wa Heg kai tsaye. Kowace ƙasa tana da hukumar da ke wakiltarta, tamu tana ƙarƙashin ofishin Sakataren Gwamnatin Tarayya a Abuja. Izinin shigo da sinadarai kuwa a NAFDAC ake nema, wasu kayan kuma sai da takardar shaidar mai amfani na ƙarshe daga ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaron Ƙasa. Sami waɗannan kafin a buɗe Fom M, takardar shigo da kaya da ake cikewa ta banki. Wanda ya bari sai kaya sun iso, kuɗin ajiya a tasha zai cinye ribarsa.

Ƙasa tana da kwana 90 bayan ƙarewar shekara ta miƙa bayanin bara, wato zuwa ƙarshen Maris, don haka naka lissafin ya kamata ya kammala tun a Janairu. Masana'antun da suka kai mizani suna kuma bayar da bayanin abin da suke shirin yi baɗi, kwana 60 kafin shekarar ta kama.

Mizanin ya bambanta. A jadawali na 3, masana'antar da ke ƙera sama da tan 30 a shekara ake bayyanawa, sufetoci kuma suna iya zuwa in ta haura tan 200. Mai shigowa ya sayar ba ya cikin wannan, adadinsa yana shiga jimillar ƙasa ne kawai. Jadawali na 2 ya fi tsauri: ko ba ka ƙera tayodaigilaikol, in kana gauraya shi ko kana cinye shi a aikinka sama da tan 1 a shekara sai an bayyana ka, in ya haura tan 10 kana cikin jerin bincike, kuma shekaru uku na baya ake dubawa. Akwai rukunin da masu masana'antu ke mantawa da shi: duk wurin da ke haɗa sinadarai masu kabon irin su metanol ko yuriya sama da tan 200 a shekara, ko tan 30 in sinadarin yana ɗauke da fosfaras, salfa ko fulorin, shi ma ana bayyana shi ko da ba ya taɓa komai na cikin jadawali.

In za ka fitar da kaya waje, duba ko ƙasar tana cikin 193 da suka shiga yarjejeniyar. Masar da Sudan ta Kudu da Koriya ta Arewa ba su sa hannu ba, Isra'ila ta sa amma ba ta tabbatar ba. Kayan jadawali na 2 haramun ne a kai musu tun Afrilun 2000, na 3 kuma sai da takardar shaida daga gwamnatinsu.

Ranar da suka zo

Sanarwa gajeriya ce: awa 48 ga wurin jadawali na 2, awa 120 ga na 3 da sauran masana'antu. Binciken wurin jadawali na 2 ba ya wuce awa 96, na sauran awa 24, sai dai in an yarda a ƙara. Da isowarsu za ka yi musu bayanin wurin da taswira, kuma an ƙayyade kada ya wuce awa 3. Shirya shi tun yanzu: ina tukwanen haɗi suke, ina sito, ina ɗakin gwaji, ina ruwan datti ke bi, wane sashe ne ke buƙatar takalmi da hular kariya.

Abu biyu suke nema: aikinka ya dace da abin da aka bayyana, kuma babu alamar sinadarin jadawali na 1. Za su zaɓi lissafin wata guda su bi shi daga rasit zuwa littafin sito zuwa takardar lodi. Ragowar baya da abin da ya shigo, a cire wanda aka yi amfani da shi da wanda aka sayar da wanda ya zube, dole ya ba da abin da ke ƙasa. Duron da ya fashe aka share ba a rubuta ba, shi ne yake tsayar da bincike. Kana da haƙƙin rufe allon kwamfuta da lulluɓe na'urar da ba ta shafi aikinsu ba don kare sirrin sana'arka. Hoto da samfur ma mutanen ɓangarenka ne ke ɗauka a gabansu. Cikin awa 24 da gamawa za su nuna rahoton farko. Karanta shi layi-layi tare da wakilin hukumar ƙasa, a gyara kuskuren adadi a wurin.

Me ya sa suke duban bututu

Za ka ga suna tsayawa kan tukunya mai rufin gilashi a ciki, da bututun ƙarfen da ba ya cin tsatsa, da na'urar tace iska mai ƙarfi fiye da buƙatar aikin. Dalilin yana cikin tarihin juya masana'antu. Cikin wurare 97 da ƙasashe suka bayyana sun taɓa ƙera makamai masu guba, an rushe 74, an juya 23 zuwa aikin lumana. Na Rabta a Libiya, da aka amince a 2004 ya koma yin magunguna, yana cikinsu. Sharaɗin juyawa shi ne a lalata duk na'ura ta musamman, wurin kada ya sake taɓa kayan jadawali na 1 ko na 2, kuma a ci gaba da bincikensa shekara 10. Sufeton da ya saba da wannan, in ya ga irin na'urar a wurin yin sabulu, zai tambaya. In ka saye ta ne ta hannu daga wata masana'anta da ta rufe, ajiye rasit ɗin da bayanin aikin da take yi a da cikin fayil ɗaya da taswirar wurin.