Darasi na 9: Kawar, ƙasar gishiri da dabino

A arewa maso gabashin Jamhuriyar Nijar, cikin jihar Agadas, akwai yankin da ake kira Kawar. Daga Agadas zuwa can kusan kilomita 600 ne, kuma sai an ratsa hamadar Tenere, rairayi iya ganinka. A Balma, babban garin yankin, ruwan saman shekara guda yawanci ba ya kai milimita 25. Wata shekarar ko yayyafi babu.

To, me ya zaunar da mutane a nan? Ruwan ƙarƙashin ƙasa. Wani dogon dutse ya miƙe daga arewa zuwa kudu, kimanin kilomita 150, kuma a gindinsa ruwa yana kusa. Nan Barebari da Tubawa suka kafa garuruwa irin su Balma da Dirku. Saiwar dabino takan kai ga ruwan da kanta. A inuwarsa akan yi 'yan lambuna, ba masu yawa ba.

Amma gishiri ne ƙashin bayan arzikin. A Kalala, dab da Balma, ana haƙa ramuka, ruwa mai gishiri ya tsattsafo ya taru. Rana ta ƙone ruwan, gishiri ya daskare a sama, ma'aikaci ya farfasa shi ya nutse, wani ya sake daskarewa. Mai tsabtar na miya ne. Sauran kuwa akan kwaɓa shi da ƙasa, a zuba cikin gungumen dabino da aka fafe, a kife shi ya bushe. Shi ne kantun da shanunmu ke lasa. Aiki ne mai cin ƙafa da hannu, ba na rago ba.

Noman gero ba ya yiwuwa a can. Shi ya sa bayan damina ayarin Abzinawa ke ɗaukar hatsi, madugu a gaba, su je su musanyo gishiri da dabino, sannan su gangaro kudu zuwa kasuwannin ƙasar Hausa. Har ciyawar raƙuma sai an yi guzurinta, don babu kiwo a hanya. Yanzu manyan motoci sun karɓe kaso mai yawa na wannan fatauci.

Aiki:
1. Rubuta abubuwa biyu da Kawar ke sayarwa, da abu ɗaya da take saye.
2. In raƙumi ɗaya ya ɗauki kantu 4, nawa raƙuma 15 za su ɗauka?