Yadda ake mayar da amsoshin rajistar manoma zuwa True ko False a Python

Tambayoyin rajistar ƙungiyar manoma ba su da yawa. Ya karɓi taki? Ya biya bashin iri? Buhu nawa ya samu bana? A ƙauyukan Auyo, Kafin Hausa ko Kura, idan aka tattara amsoshin nan da waya a fom na KoboToolbox ko ODK, ana sauke su a fayil na CSV (tebur na rubutu zalla, kowane manomi da layinsa), sai a miƙa wa yaron ƙungiya da ya ɗan iya Python, yaren rubuta shirin kwamfuta, ya tace. Aikin farko da zai fuskanta shi ne mayar da kowace amsa zuwa True (gaskiya) ko False (ƙarya), domin da su kwamfuta take yanke hukunci. Ba sai da laftof ba, manhajar Pydroid 3 a wayar Android ta isa a gwada duk abin da ke ƙasa.

Mataki na farko: ka san abin da bool() yake dubawa

Buɗe Python ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

bool(0)
bool("")
bool([])
bool(None)

Dukkansu False za su ba ka. Haka ma 0.0, da (), da {}, da set(), da range(0). Kusan duk wani abu da ba ya cikin wannan sahu, True ne. Shi bool() kamar mai leƙa rumbu ne, abin da yake so ya sani kawai ko akwai wani abu a ciki. Gero ne ko ƙaiƙayi, ba ruwansa. Shi ya sa bool(-5) True ne, bool([0]) True ne tunda jerin ba fanko ba ne, kuma bool(" ") ma True ne, don tazarar da ke tsakanin alamomin nan harafi ce a wurin kwamfuta.

Ka lura cewa ba sai ka rubuta bool() da hannunka ba. Duk lokacin da ka ce if amsa: ko while jeri: ko not suna, Python yana yin wannan awon a ɓoye.

Mataki na biyu: kada ka miƙa wa bool() rubutu kai tsaye

Gwada wannan:

bool("a'a")
bool("False")
bool("0")

True, True, True. Kuma abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne, idan ka karanta fayil da csv.DictReader, komai a matsayin rubutu yake zuwa, har lambobi. To, a ce layi shi ne bayanin manomi ɗaya daga fayil ɗin, idan ka rubuta if layi["ya_biya"]: duk manomin da aka rubuta masa "a'a" zai shiga sahun waɗanda suka biya. Shirin ba zai yi ƙorafi ba, zai fito da jeri tsaf, sai ranar taro ma'aji ya ga kuɗin hannunsa bai kai abin da takarda ta ce ba.

Mafita ita ce ka rubuta naka ɗan aikin da zai fassara amsoshin:

def eh_ko_aa(amsa):
    a = amsa.strip().lower().replace("’", "'")
    if a in ("eh", "e", "i", "ee", "yes", "true", "1"):
        return True
    if a in ("a'a", "aa", "no", "false", "0"):
        return False
    if a == "":
        return None
    raise ValueError("Ban gane amsar ba: " + amsa)

Layi na biyu ne ƙashin bayan aikin. strip() yana share tazarar gaba da baya, lower() yana mayar da "EH" da "Eh" abu ɗaya. Shi kuma replace() ɗin, saboda wasu wayoyi lanƙwasasshiyar alama suke sakawa a tsakiyar "a’a", wasu miƙaƙƙiya, ido ba ya rabe su sosai amma kwamfuta tana rabewa.

Layin ƙarshe kuwa, wasu za su so su cire shi su ce duk amsar da ba a gane ba a ɗauke ta False. Ban ba da wannan shawara ba. Mai cike fom zai iya rubuta "rabi", ko "ɗansa zai kawo", ko "ya rasu". Babu wadda take eh ko a'a a cikinsu, kuma shugaban ƙungiya ne ya kamata ya ce yadda za a yi da su, ba shirin kwamfuta ba. Gara shirin ya tsaya ya nuna maka layin. Idan kuma ka ci karo da tsohon darasi a intanet da ke cewa a yi amfani da strtobool, wani aikin fassara amsa da ke cikin kunshin distutils, bar shi, an cire distutils daga Python tun fitowar 3.12 a 2023, kuma dama can bai san "eh" ba.

Mataki na uku: raba sifili da rashin amsa

Wannan ya fi komai muhimmanci. A daminar 2022 ambaliya ta cinye gonaki da yawa a Jigawa, har da yankin Haɗeja. Manomin da ruwa ya shanye masa shinkafa, idan aka tambaye shi buhu nawa ya samu, amsarsa 0 ce, kuma cikakkiyar amsa ce. Wanda ba a same shi a gida ba, gurbinsa fanko ne. A wurin bool() su biyun False ne. Idan ka rubuta if not buhu: ka zuba su a jerin "ba a samu bayani ba", ka fitar da mutumin da ya fi kowa cancantar tallafi daga lissafi.

Ga yadda za ka yi:

rubutu = layi["buhu"].strip()
buhu = int(rubutu) if rubutu else None

if buhu is None:
    print("a koma a tambaye shi")
elif buhu == 0:
    print("bai samu komai ba")
else:
    print("ya girbe")

A layi na biyu mun dogara da awon bool() kuma daidai ne, domin a nan tambayarmu ke nan, ko an rubuta wani abu. Rubutun "0" ba fanko ba ne, zai wuce ya zama lamba 0. Daga nan gaba sai is None, kada ka koma wa not.

Akwai wata dabara da masu gaggawa ke so: buhu = buhu or 10, wai a cike gurbin da ba amsa da ƙiyasi. Shi or ba True ko False yake dawowa da shi ba, ɗaya daga cikin abubuwan da ke gefensa yake ɗauko maka: na hagu idan ya ci awon, in ba haka ba na dama. Sifilin mai ambaliya zai faɗi awon, a rubuta masa buhu 10 da bai gani ba. Masu amfani da pandas, kunshin Python na sarrafa tebur, kuma su sani, gurbin fanko NaN (wato "ba lamba ba") yake zama, kuma bool(float("nan")) True ne, don haka pd.isna() ake tambaya.

Mataki na huɗu: ƙirga

Tun Python 2.3 a 2003 da aka shigo da nau'in bool, True lamba 1 ce, False kuma 0. Sunan ma daga George Boole aka samo shi, masanin lissafin Ingila da ya gina wannan tsari a kan 1 da 0. Amfaninsa gare ka shi ne sauƙin ƙirga (layuka a nan jerin duk layukan fayil ɗin ne):

amsoshi = [eh_ko_aa(x["ya_biya"]) for x in layuka]
sun_biya = sum(a is True for a in amsoshi)
ba_su_biya_ba = sum(a is False for a in amsoshi)
saura = sum(a is None for a in amsoshi)

Haɗa ukun. Dole su yi daidai da yawan sunayen da ke rajista.

Idan aikin ya koma shafin intanet, dokar ta ɗan canza. A JavaScript ana rubuta Boolean(x) ko !!x, kuma jeri fanko [] da {} duk true ne, NaN kuma false, akasin Python. A PHP rubutun "0" false ne. Kafin ka ɗauki wani layi daga wannan yare ka dasa a wancan, gwada shi da 0, da "0", da "", da jeri fanko.

Kafin ka saki shirin a kan ainihin fayil, haɗa ƙaramin fayil na gwaji mai layi biyar: wanda ya ce "Eh", wanda ya ce "a’a" da lanƙwasasshiyar alama, mai buhu 0, mai gurbi fanko, da wanda aka rubuta wa "rabi". Huɗu na farko su faɗa inda ka yi tsammani, na biyar kuma ya tsayar da shirin.