Yadda ake ceto dokin teku idan fatarsa ta fara ruɓewa

Dokin teku ba shi da ɓawo irin na sauran kifaye. 'Yar siririyar fata ce shimfiɗe a kan ƙasusuwa masu kama da sulke, shi ya sa ƙaramin rauni kan zama gyambo cikin 'yan kwanaki.

Da farko, tsaya ka duba kafin ka taɓa kwalbar magani. Gansakukar da ke fitowa a bayansa ba ciwo ba ce, ka bar masa abarsa. Farin tabo a ƙarshen wutsiya ko a dogon bakinsa, da fata mai saɓulewa, galibi aikin ƙwayar cutar Vibrio ne. Kumburi mai kama da kumfa a ƙarƙashin fata kuwa iska ce ta taru, kada ka soma tsokanarsa da allura. Idan ka ga yana ta goga jiki da duwatsu, ƙananan halittu ne masu maƙalewa a fata.

Na biyu, ka raba shi da sauran. Ƙaramin tanki mara yashi ya isa, da abin hura iska, da wata 'yar roba da zai naɗe wutsiya a kai. Ba sai ka kashe kuɗi a kan sabon tanki ba, babbar roba mai tsabta tana yi. Sa safar hannu, domin wasu ƙwayoyin na shiga mutum ta yanka.

Na uku shi ne inda na taɓa yin asara, kuma a nan masu farawa ke faɗuwa: zafin ruwa. Vibrio na ƙara ƙarfi idan ruwa ya yi ɗumi. Ni na bar nawa a digiri 26 kamar na sauran kifin teku, ina ta zuba magani, wutsiyar macen dokin tekuna tana ƙara fari kullum, har ta kasa riƙe komai ta kwanta a ƙasan tanki. Ko jinsunan wurare masu zafi irin su reidi da kuda sun fi zama lafiya a digiri 21 zuwa 23. Ga mara lafiya, sauke zafin ruwan zuwa kusan 20, amma a hankali, digiri ɗaya ko biyu a rana. Na'urar ɗumama ruwa kuma a sa mata kariya, don suna naɗe wutsiya a jikinta su ƙone, daga nan ciwon ke samun ƙofa.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta a tankin jinya kaɗai ake sa shi, da shawarar likitan dabbobi. A babban tanki zai kashe ƙwayoyin da ke tace maka ruwa. Canja rabin ruwan jinya kullum, amoniya (gubar da ƙazantar kifi ke haifarwa a ruwa) ta tsaya a sifili, ka zuƙe ragowar jatan-landen mysis da zarar ya gama ci. Kada ka mayar da shi cikin sauran sai fatar ta rufe kuma yana cin abinci da kansa.