Yadda Ake Auna Ƙungiyar Da Aka Zaɓa A Gasar Fantasi Ta Ƙwallon Gora Ta Ƙanƙara

Duk Bahaushen da ke zaune a Jidda, Makka ko Madina, kuma yake bin ƙwallon ƙafa, ya san gasar fantasi ta Firimiyar Ingila, inda abokai goma za su iya sanya ɗan wasa ɗaya a ƙungiyoyinsu ba tare da wani ya hana wani ba. Gasar fantasi ta ƙwallon gora ta ƙanƙara, wadda ake ginawa a kan wasannin NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, a manhajoji irin su Yahoo, ESPN da Fantrax, ba haka take tafiya ba, domin a can bi da bi ake zaɓen 'yan wasa kafin kaka ta fara, kuma duk wanda wani ya ɗauka ya fita daga hannun saura. Saboda haka daren zaɓe yana da nauyi ƙwarai, kuma da an watse kowa yakan ɗauki hoton jerin mutanensa ya tura zauren WhatsApp yana neman a faɗa masa ko ya dace. Yawancin masu ba da amsa manyan sunaye kawai suke ƙirgawa, alhali abin da ke kawo maki shi ne dokar gasar da kuma damar da koci ya ba ɗan wasa a kan ƙanƙara. Bayanina a nan ya shafi gasar kyauta ne wadda ake yi don nishaɗi tsakanin 'yan'uwa, domin wadda ake zuba kuɗi mai nasara ya kwashe caca ce, addini ya haramta ta, dokar Saudiyya ma ta hana.

Kafin ka ce uffan a kan jerin kowa, buɗe shafin dokokin gasar ka karanta shi daga sama har ƙasa. Akwai gasar da ake tara maki, inda kowace ƙwallo da kowane taimako ke da adadin da aka yanka musu. Akwai kuma wadda ake karawa mutum biyu-biyu kowane mako a kan rukunoni dabam-dabam, kamar yawan ƙwallaye, yawan taimako, makin da aka samu lokacin da abokan hamayya ke da mutum a waje, bugu zuwa raga, bangaza, nasarorin mai tsaron raga da kason bugun da ya tare. Ɗan wasa ɗaya yana iya zama zinariya a wannan gasar ya zama matsakaici a waccan. Brady Tkachuk misali ne mai kyau: a kakar 2023-24 ya samu maki 74 tare da Ottawa, abin da bai kai shi kusa da sahun farko ba, amma ya buga wa raga fiye da sau 300 kuma ya yi bangaza fiye da 250. A gasar da ke ƙirga waɗannan biyun, wanda ya ɗauke shi da wuri ya san abin da yake yi. A gasar da ba ta ƙirga su, ya biya shi da tsada. Don haka idan aka turo maka jeri ba tare da dokoki ba, ladabi da gaskiya su ne ka nemi dokokin tukuna.

Daga nan sai a dubi farashi. A tsarin da aka fi amfani da shi, layin zaɓe yana juyawa ne a kowane zagaye, ta yadda a gasar mutum 12 wanda ya fara zai samu zaɓi na 1, sannan ya jira har na 24 da na 25, shi kuwa na ƙarshe ya samu na 12 da na 13 a jere. Ba daidai ba ne a yaba wa mutum don yana da Connor McDavid, wanda ya tara maki 153 a kakar 2022-23, idan ƙuri'a ce ta ba shi lamba ta ɗaya, domin kowa ma shi zai ɗauka. Wayon mai zaɓe yana bayyana ne daga zagaye na huɗu zuwa na goma sha biyu. Manhajojin suna nuna matsakaicin gurbin da ake ɗaukar kowane ɗan wasa a dubban gasanni, kuma aikin mai awo shi ne ya jera wannan lamba kusa da gurbin da mutuminmu ya ɗauke shi. Kamar cefane ne a kasuwar Bab Makka, inda kyawun kaya kaɗai ba ya nuna an iya ciniki sai an ji nawa aka biya. Wanda ya ɗauki ɗan wasa a gurbi na 40 alhali yakan kai na 75 yana nan ya yi asarar zagaye kusan uku, ko da ɗan wasan ya yi kyau daga baya.

Abu na gaba shi ne wanda na fi so mai karatu ya tsaya a kai, wato ƙarancin wasu gurabe. Tsarin da aka saba gani yana da 'yan tsakiya biyu, 'yan gefen hagu biyu, 'yan gefen dama biyu (waɗannan shida su ne 'yan gaba), 'yan baya huɗu, masu tsaron raga biyu, da kujerun benci huɗu. Ƙungiyoyin NHL 32 ne. Idan kuna mutum 12, ana buƙatar 'yan baya 48 a kan fili, ban da na benci. To amma galibin ƙungiyoyi ɗan baya ɗaya tak suke sanyawa a rukunin farko da ke shiga idan alƙalin wasa ya fitar da ɗan hamayya na minti biyu, kuma a irin wannan lokaci ne ɗan baya yake samun kaso mai tsoka na makinsa. Ke nan irin waɗannan kujeru ba su wuce talatin da 'yan kai ba a duk NHL, kuma rabinsu ma na ƙungiyoyin da ba sa cin ƙwallo sosai ne. Shi ya sa Cale Makar na Colorado, wanda ya ci ƙwallaye 30 ya tara maki 92 a kakar 2024-25 yana ɗan baya, yake tafiya a zagaye na farko. Tazarar da ke tsakaninsa da ɗan bayan da za ka tsinta a ƙarshen zaɓe ta fi tazarar da ke tsakanin fitaccen ɗan tsakiya da wanda ya rage ba a ɗauka ba, domin 'yan tsakiya masu kawo maki suna da yawa. Idan ka ga jeri da 'yan tsakiya huɗu a zagaye biyar na farko, ka sani cewa a daren da duk suke da wasa biyu daga cikinsu a benci za su kwana, sai fa idan manhajar ta ba wasunsu izinin tsayawa a gefe. Ka duba wannan izini da kyau, domin ɗan wasan da ke iya cike gurbi biyu yana warware matsaloli da yawa cikin kaka. Sannan ka ƙirga 'yan bayan mutumin guda huɗu ka tambaya, nawa ne daga cikinsu ke rukunin farko a ƙungiyarsu? Biyu sun wadatar, uku alheri ne, babu ko ɗaya kuwa rami ne da zai yi wuyar cikewa.

Bayan haka sai a bi 'yan gaba ɗaya bayan ɗaya da tambayar ko abin da suka yi bara zai maimaitu. A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa, saboda manhajar tana nuna alƙaluman bara a gefen kowane suna lokacin zaɓe, kuma agogo yana gudu. Hanya mafi sauƙi ita ce a raba yawan ƙwallaye da yawan bugu. Matsakaicin NHL yana kusa da ƙwallo ɗaya cikin bugu goma. Sam Reinhart na Florida ya ci 57 a kakar 2023-24, kuma kusan kashi 24 cikin 100 na bugunsa ne suka shiga raga, abin da ko gwanaye ba sa iya riƙewa shekara da shekaru; a kaka ta gaba 39 ya ci, yana nan ɗan wasa nagari, amma wanda ya saye shi da kuɗin 57 bai samu abin da ya biya ba. Sauyin ƙungiya ma yana da irin wannan tasiri. Erik Karlsson ya tara maki 101 a San Jose a kakar 2022-23, ya lashe kyautar gwarzon ɗan baya, aka mayar da shi Pittsburgh, sai ya ƙare kaka ta gaba da 56.

Abokan layi, wato 'yan gaba uku da koci ke shigarwa fili tare, su ne ɗaya ɓangaren wannan tambaya. Zach Hyman bai taɓa wuce ƙwallaye 21 a kaka ɗaya ba duk zamansa a Toronto, amma da ya koma Edmonton ya tsaya gefen McDavid sai ya ci 54 a 2023-24, sannan ya sauko zuwa 27 a kakar da ta biyo baya. Darasin da mai awo zai ɗauka shi ne ya nemi layin da ɗan wasa yake, da mintocin da ake ba shi. Ɗan gaban da ke samun minti 19 ko 20 a wasa kuma yana rukunin farko ya fi wanda ke da kyan hannu amma minti 13 ake ba shi a layi na uku. Shekaru kuwa a dube su da adalci. Alex Ovechkin yana da shekara 39 ya ci ƙwallaye 44, har ya karya tarihin Wayne Gretzky na jimillar ƙwallaye 894 a NHL a watan Afrilun 2025, duk da karayar ƙafa da ta zaunar da shi makonni. Tsufa kaɗai ba ya kore ɗan wasa daga jeri, sai dai jerin da ya tara dattawa biyar ko shida ya gayyato raunuka da kansa.

Masu tsaron raga suna buƙatar haƙuri wajen awo, domin su ne aikinsu ya fi sauyawa daga shekara zuwa shekara. Connor Hellebuyck ya buga wa Winnipeg wasanni 63 ya yi nasara a 47 a kakar 2024-25, amma irinsa ba su da yawa, kuma ƙungiyoyi da dama yanzu raba wasanni suke yi tsakanin mutum biyu. Abin da za ka nema a jeri shi ne aƙalla mai tsaron raga ɗaya wanda ragar tasa ce ba gardama, a ƙungiyar da ake sa ran za ta yawaita nasara. Ka tuna kuma cewa kason bugun da aka tare, da matsakaicin ƙwallayen da aka zura, duk lissafin rabo ne, don haka mai tsaron raga na uku daga ƙungiya mai raunin baya yana iya lalata makon da na farko ya gyara, idan aka zura masa shida a dare ɗaya. Ni dai ban cika yaba wa wanda ya kashe zaɓi biyu cikin ukun farko a kan raga ba, kuma ban yarda da wanda ya jira har zagaye na goma bai ɗauki ko ɗaya ba.

Akwai wani awo da mazauna Kanada ba sa damuwa da shi kamar mu, shi ne ko ƙungiyar ta dace da rayuwar mai ita. Wasan da aka fara ƙarfe bakwai na yamma a Toronto ko New York ƙarfe biyu ne na dare a Saudiyya a watan Oktoba, ya koma ƙarfe uku bayan sun sauya agogonsu a farkon Nuwamba, wasannin yammacin nahiyar kuwa wajajen asuba suke farawa. Labarin wanda zai tsaya a raga yakan fito ne bayan atisayen safe a can, wato tsakanin Magariba da bayan Isha'i a nan. Wanda ya tara masu tsaron raga masu rabon wasa dole ne kowane dare, da ya fito masallaci, ya ciro waya ya duba wa koci ya ambata, ya sauya jeri kafin ya kwanta, in ba haka ba ya farka ya tarar wanda ya sa bai buga ba. Ɗalibin jami'a a Madina yana iya jure wannan. Amma ɗan'uwanmu da ke hidimar masu Umara a Makka, wanda a 'yan shekarun nan azumi ke faɗo masa cikin Fabrairu da Maris, daidai lokacin da gasar fantasi ke shiga matakin yanke hukunci, gara a ce jerinsa ya ƙunshi mutanen da gurbinsu ya tabbata, waɗanda ba sa buƙatar kulawa kullum.

Jadawali ma yana shiga lissafi. Wasannin NHL sun fi cunkushewa a daren Talata, Alhamis da Asabar na can, sauran ranakun kuwa wasanni kaɗan ne. Ɗan bencin da ƙungiyarsa ke yawan wasa Litinin, Laraba, Juma'a ko Lahadi zai samu gurbi a jerinka, wanda kuwa kullum wasansa ke faɗowa a daren cunkoso makinsa a benci za su ƙone. Haka nan tara mutum huɗu ko biyar daga ƙungiya ɗaya yana da daɗi a makon da take da wasa huɗu, yana da ciwo a makon da take da biyu.

Zagaye uku ko huɗu na ƙarshe ba sa buƙatar dogon nazari. A gasar mutum 12 mai gurabe 16, 'yan wasa 192 ne ake ɗauka, sauran ɗaruruwa suna nan a kasuwa, don haka matsakaicin ɗan wasa ba ya ƙarewa. Na fi son in ga an kashe waɗannan zaɓuɓɓuka a kan matashin da ake gwadawa a layi na farko, wanda idan bai yi ba za a sake shi cikin mako biyu ba tare da baƙin ciki ba.

Wasu manhajojin suna ba kowace ƙungiya sakamako da kansu bayan zaɓe, kuma hasashensu na alƙaluma kawai suke tarawa, don haka kada a ɗauke shi a matsayin hukunci. Idan za ka ba ɗan'uwa amsa, tara hasashen kowane rukuni na ƙungiyarsa ka kwatanta da na sauran goma sha ɗaya, sannan ka faɗa masa rukunonin da zai riƙa ci a yawancin makonni da waɗanda zai riƙa sha kaye. A gasar rukunoni goma, wanda ke da ƙarfi a shida ya sadaukar da biyu ya fi wanda yake tsaka-tsaki a duka goman. Ka nuna masa gurbi ɗaya da ya fi rauni, da mutumin da ke da rarar irin wannan ɗan wasa a gasar, domin ya nemi musaya da shi tun da wuri. Sai ku sake zama a kan jerin wajajen ƙarshen Nuwamba, lokacin da kowace ƙungiya ta buga kimanin wasanni 20 kuma layukan da kociyoyi suka amince da su sun fito fili.