Babi na 6: Idan Injin Mota Ya Yi Zafi

Assalamu alaikum. Wannan babi na direbobi ne, da yaran mota, da duk mai tsohuwar mota a gida. Ku karanta a hankali, layi-layi, yatsa a kan rubutu. Wanda wata kalma ta tsaya masa ya tambayi na kusa da shi, ba abin kunya ba ne. Da yawanku kun shekara ashirin a kan sitiyari, don haka aikin ba baƙo ba ne a wurinku. Rubutun ne kawai sabo.

Darasi na 1: Allurar zafi

Ku zauna a kujerar direba ku dubi agogunan da ke bayan sitiyari. Babban na gudu ne. Akwai ƙanana biyu masu kama da juna, a nan ake rikicewa. Ɗaya yana da haruffan E da F, wannan na fetur ne, ku bar shi. Ɗayan yana da C da H. Shi muke nema.

C shi ne harafin farko a "cokali". H shi ne harafin farko a "hula". A jikin mota C sanyi take nufi, H kuma zafi. Ku riƙe shi haka: H, hatsari. Ku faɗa da baki sau uku. Madalla.

Da safe allura tana kwance a kan C. In an yi 'yar tafiya sai ta hau tsakiya ta zauna. Tsakiya lafiya ce, kada ta tsorata ku. Wasu motocin, kamar Golf, lambobi gare su maimakon haruffa, mazaunin allurarsu 90 ne ko kusa da haka. In ta wuce tsakiya tana neman H, ko jan fenti, ko jar fitila ta kama, inji yana kuka. A watannin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato da Maiduguri ke wuce digiri 40, ku riƙa kallonta kamar yadda kuke kallon madubi.

Darasi na 2: Abin yi a kan hanya

Ku kashe na'urar sanyi in motar tana da ita. Ku sa sigina, ku gangara gefen titi, ku kashe inji. Kada ku ce bari in lallaɓa zuwa gari na gaba. In tururi yana fita ta gefen bonet, ku jira ya lafa kafin ku ɗaga shi.

To ga wurin da na fi so ku buɗe kunne. KADA KU BUƊE MURFIN LAGIRETO DA ZAFI.

Na rubuta shi da manyan haruffa da gangan. Ku sa yatsa ku sake karantawa: kada, ku, buɗe, murfin, lagireto, da, zafi. Wanda ya karanta shi kaɗai ya yi ƙoƙari.

Lagireto shi ne abin nan mai kama da saƙar zuma a gaban inji, inda ake zuba ruwa. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a ma'aunin 100. Amma murfin lagireto yana matse ruwan, har ya kai wajen 120 bai tafasa ba. Da kun murɗe murfin, matsin ya tafi, ruwan duka ya tafasa lokaci guda ya yi tsiri sama. Fuskar wa ke sama? Taku.

Sai ku jira. Minti 30 aƙalla, wato rabin awa. Ku dubi agogo ko waya: in ƙarfe 2:00 kuka tsaya, ba ku da aiki da murfin nan sai 2:30. Ku nemi inuwa, ku sha ruwa, in lokacin salla ne ku yi salla. Bayan haka ku taɓa baƙin tiyon roba mai kauri da ya fito daga saman lagireto, da bayan hannu, a hankali. In ya ƙona ku, ko kuka matsa shi da tsumma kuka ji shi tauri kamar tayar da aka yi wa iska, da saura. Ku koma inuwa.

In ya huce, ku ninka tsumma mai kauri a kan murfin. Ku kau da fuska. Ku murɗa hagu kaɗan kawai, ba duka ba. In kun ji "fuuu", ku tsaya har ya yi shiru, sannan ku ƙarasa.

Masu Golf, kada ku ce ku ba ruwanku don lagiretonku ba shi da murfi. Naku murfin yana kan robar nan mai kama da ƙwallo a gefen inji, kuma matsi ɗaya ne a cikinta. Dokar ɗaya ce. Masu Hiace mai inji a ƙarƙashin kujera, naku ya fi muni, don fasinja na zaune kusa.

Wani ɗalibina ya karanta wannan darasi a gabana babu kuskure ko ɗaya. Bayan wata biyu motarsa ta yi zafi a hanyar Kano zuwa Zariya, fasinja suka dame shi da "direba yi sauri", ya naɗe hannu da hularsa ya buɗe. Na je duba shi, fatar hannunsa ta saɓule daga wuyan hannu zuwa gwiwa, iyalinsa suka yi makonni ba mai fita nema. Har yau abin yana ci mini rai. Ni kam na rasa gane ku, jama'a. A aji kowa ya ce "mun ji, Malam", a titi kuma kowa ya zama jarumi. Fasinjan da ke azalzalarku shi zai biya kuɗin magani? Hula ba ta tare tafasasshen ruwa. Tsumma ma ba ya tarewa in injin bai huce ba. Rabin awa! Me rabin awa zai rage ku da shi?

Ku yi haƙuri da faɗan, don ku nake yi. Mu sake tun daga farko: a tsaya, a kashe, a jira minti 30, a taɓa tiyo, a sa tsumma, a murɗa kaɗan. Ku rufe littafin ku faɗa wa na kusa da ku.

Haka kuma kada ku sheƙa wa inji mai zafi ruwan sanyi, ko a ciki ko a waje. Kun san abin da ke samun kofin gilashi mai zafi in ya haɗu da ruwan randa. Kan inji ma yana tsagewa ko ya lanƙwashe.

Darasi na 3: Neman dalili

Inji a kashe, makulli a aljihunku, don fanka mai aiki da lantarki tana iya tashi da kanta. Ku naɗe hannun riga.

Ku fara da ruwa. A jikin robar ajiyar ruwa akwai layi biyu. Na ƙasa an rubuta MIN, na sama MAX. Ruwa ya tsaya tsakaninsu. In ya ragu, akwai inda yake bi, don ruwan mota ba ya ƙarewa haka kawai. Ku leƙa ƙarƙashin mota, ku duba bakin tiyo inda aka ɗaure shi, da jikin lagireto, da gindin famfon ruwa. Farin tabo ko kore alamar yoyo ce.

Sai fanbel, wato bel ɗin robar da inji ke juyawa. Ku danna tsakiyarsa da babban yatsa. In ya lotsa fiye da santimita 1, kamar kaurin ɗan yatsa, ya saki. A tsofaffin Peugeot 504, irin waɗanda aka haɗa a Kaduna, bel ne ke juya famfon ruwa, in ya tsinke ruwa ya daina zagayawa.

Motar da ke zafi a cunkoso amma ta huce a buɗaɗɗen titi, fankarta za a zarga, ko fiyus ɗinta. Wadda ke zafi a kan gudu ko hawan tudu, galibi lagireto ne ya toshe. Kuma duk wannan dubawa, bayan inji ya huce ne. Ban manta ba, ku ma kada ku manta.

Darasi na 4: Ruwan da ake zubawa

Ruwan rijiya da na kududdufi suna barin ɓawo da tsatsa, kamar cikin tsohuwar butar shayi. Ku sayi kulan, ruwan nan mai launi, a canja shi duk shekara 2. A hanya in dole ta kama, ruwan leda ya fi. Kulan guba ne kuma yana da zaƙi, a ɓoye wa yara da awaki. Garin kwaki da ƙwai da ake zubawa don tare yoyo, lagireton suke toshewa. A kai wa mai gyara.

Darasi na 5: Na makaniki

Farin hayaƙi mai yawa daga salansa, kumfa a bakin lagireto, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara: gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone. Kada a tuƙa, a jawo ta. In makaniki ya ce a cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya ɗau zafi, a yar, ku ce ya sa sabo. Murfin lagireton da robarsa ta tsage a canja shi da mai lamba iri ɗaya, kamar 0.9 ko 1.1.

Aikin gida

Ku rubuta C da H sau biyar-biyar. Ku kwafi jimlar nan mai manyan haruffa a takarda, ku liƙa a gaban motarku, ku zo da kwafi ɗaya ranar Asabar.